Sawun giwa ya taka na raƙumi: wa ya mallaki "tuna mini in na isa"?

Wata Alhamis zan tafi Zariya, uwargida ta tsayar da ni a bakin ƙofa ta ba ni sautun tumatir. Ta ce, "Malam, in ka zo Kwanar Gafan a dawowa ka sayo mana kwando guda. Don Allah kada a maimaita irin ta rannan." Ta rannan ɗin kuwa, sai da na shigo Na'ibawa na ga fitilun gari sannan tumatir ya faɗo mini a rai. Saboda haka wannan karon ban yarda da kaina ba. Na ɗauko waya, na buɗe taswira, na dangwala wurin, na rubuta kalma ɗaya. Ban sa mata ƙarfe nawa ba, don ni kaina ban san lokacin da zan taso ba. Da la'asar sakaliya ina doso kwanar sai wayar ta yi ƙara. Na tsaya na yi ciniki, na shiga gida da sallama mai ƙarfi.

Abin da wayar ta yi mini bai taka kara ya karya ba: ta ɗaure tunatarwa da wuri maimakon agogo. Amma wannan ɗan abin yana cikin abubuwan da kamfanoni suka yi ta kaiwa ofishin rajistar ƙirƙira na Amurka suna neman a rubuta da sunansu. Duk wanda ya shiga rumbun Google Patents ya bincika zai tarar da takardu jibgi a kansa, kowacce da irin lanƙwasar da lauya ya yi mata. Ni a ganina asalin dabarar tamkar burtali take, hanyar kowa da kowa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne tsarin da ake bi ya ɗora wa masu wucewa nauyin kawo shaidar cewa nan hanya ce, ya sauƙaƙa wa mai son kafa shinge.

Ita takardar mallakar ƙirƙira ciniki ce tsakanin mutum guda da jama'a. Ka gano wata hanya da ba wanda ya sani. Maimakon ka ɓoye ta, ka tafi da ita kabari kamar yadda wasu masu maganin gargajiya suka tafi da nasu sirrin, sai ka bayyana ta dalla-dalla a rubuce, hukuma kuma ta ba ka shekara 20 daga ranar da ka shigar da buƙata, ba mai amfani da ita sai da izininka. Bayan nan ta zama ta kowa. Ciniki ne mai kyau in dai abin da ka kawo sabo ne. In ba sabo ba ne kuwa, ka sayar wa jama'a akuyarsu ke nan, sannan ka hana su tatsa har shekara 20. Shi ya sa doka take cewa dole abin ya zama ba a taɓa bayyana shi ba kafin ranar da ka nema, kuma kada ya zama irin wanda duk ɗan sana'ar zai iya hasasowa daga abin da aka riga aka sani. Duk abin da ya fito fili kafin wannan rana, littafi ne, maƙala ce, na'ura ce a kasuwa, ko tsohuwar takardar mallaka, lauyoyi suna da sunan da suke kiransa. Ni zan kira shi sawun magabata.

Sawun kuwa a wannan hanya ba ɓoyayye ba ne. A farkon shekarun 1990, a ɗakin binciken kamfanin Olivetti da ke Kambirij a Ingila, ma'aikata suna rataya wani ɗan baji da ke sanar da kwamfuta ɗakin da mutum yake, har a tura masa kiran tarho can. A tsakiyar shekarun, a Jami'ar Kent, Peter Brown ya fito da tunanin liƙa 'yar takarda ta lantarki a jikin wuri, ta yadda in ka koma wurin sai ta bayyana a na'urarka. Daga nan sai shekarar 2000, wadda ta zo da abu biyu. A watan Mayu gwamnatin Bill Clinton ta daina dagula siginar GPS, wato tsarin tauraron ɗan adam mai nuna inda mutum yake, da gangan ga farar hula, kuskuren da kan kai mita 100 ya sauko ƙwarai. A watan Satumba kuma, a wani taron masana a birnin Bristol, aka gabatar da ayyuka biyu da suka taɓa maganar kai tsaye.

Na farko shi ne comMotion, aikin Natalia Marmasse da Chris Schmandt na cibiyar MIT. Na'urar tana lura da wuraren da kake yawan zuwa, ta tambaye ka sunansu, ka ce nan gida, nan kantin cefane. Kowane wuri da jerin abubuwan da za ka yi a can, in ka doso shi sai ta yi maka ƙara. Har wani yana iya aiko maka da saƙo ya rataye shi a wurin, sai ka isa za ka same shi, wato uwargida ta aika sautunta Kwanar Gafan ya jira ni. Na biyu shi ne CybreMinder, na Anind Dey da Gregory Abowd daga Georgia Tech, wanda ya ƙara wa wuri wasu sharuɗɗa: kana bakin ƙofa za ka fita, ga hasashen ruwan sama, to sai a ce maka ɗauki lema.

Mai gardama zai ce ai waɗannan kwamfutoci ne da ake ratayawa ana yawo da su, ba waya ba. To a 2005 Timothy Sohn da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego suka rufe wannan ƙofar. Suka rubuta manhaja mai suna Place-Its, suka ɗora ta a kan Nokia 6600, wannan mai ƙiban da wasunmu suka riƙe da alfahari. Wayar ba ta da GPS, don haka da turakun sadarwa take gane inda take: in ta ji turakun unguwarku, ta san ka zo gida. Kana iya cewa ta tuna maka in ka iso, ko in za ka bar wurin. Suka ba mutum 10 suka yi mako biyu da ita, suka wallafa abin da suka gani. Ɗaya daga cikin abin da suka lura shi ne sau da yawa ba wurin ne ya dami mutum ba, yana amfani da shi ne a madadin wani abu da waya ba ta iya ganewa, kamar "lokacin da na samu sarari" ko "lokacin da zan haɗu da wane". A 2006 wasu a Jami'ar Minnesota suka yi makamancinsa, PlaceMail. Sai a 2011 Apple ta fito da iOS 5, sabon tsarin wayar iPhone a lokacin, ɗauke da manhajar tunatarwa mai aiki da wuri, duniya ta yi ta tafi kamar yau aka haifi abin. Sawun giwa ya taka na raƙumi.

Ba ina zargin Apple da sata ba ne. Ɗaukar abin da ke kwance a maƙala a mayar da shi abin da tsohuwa za ta iya dannawa aiki ne babba, kuma ya cancanci riba. Abin da nake nunawa shi ne tazarar: shekara 11 tsakanin taron Bristol da ranar da yawancin mutane suka fara ganin abin a hannunsu. A irin wannan tazara ake kafa shinge, domin jama'a ba su san an riga an bi hanyar ba.

In ma an koma can baya, ɗaure tunatarwa da wuri ya girmi lantarki. Fasinja ya ce wa kwandasta, "In an zo Tashar Yari ka tashe ni." Maniyyaci a jirgi yana jiran a sanar an kusa miƙati ya ɗaura niyya, ba ruwansa da ƙarfe nawa. Sautu da sallahu duk a kan wuri aka gina su. Na san lauya zai yi murmushi ya ce kwandasta ba ya cikin sawun da doka ke nufi, tunda takardar tana maganar na'ura mai karɓar sigina da ma'ajiyar bayanai. Gaskiyarsa. Amma Kotun Ƙolin Amurka da kanta ta matso kusa da kwandastan. A shari'ar KSR da Teleflex a 2007 ta ce haɗa sanannun abubuwa biyu su ba da sakamakon da kowa ke tsammani ba ƙirƙira ba ne. A shari'ar Alice da bankin CLS a 2014 ta ce ɗaukar tsohon tunani a ce "a yi shi da kwamfuta" bai isa a ba mutum mallaka ba. In ka cire kwandasta ka sa waya, me ka ƙirƙira?

A nan dole in taka wa 'yan uwana masu rubuta manhaja birki, don mu ma muna da namu laifin. Da zarar mun ga kanun labari cewa kamfani kaza ya mallaki tunatarwar wuri, sai ihu: ai tun zamanin Nokia ake yi! Alhali sunan takarda ba shi ne iyakar gona ba. Iyakar tana can ƙarshe, a jerin da'awowi masu lamba, inda aka zayyana abin da ake cewa an mallaka gaɓa-gaɓa. Kafin tsohon aiki ya rushe da'awa shi kaɗai, sai ya ƙunshi kowace gaɓa da ke cikinta, kuma ya riga ta kwanan wata. In da'awar ta ce waya ta gane wuri, ta kiyasta saurin tafiyarka, ta faɗaɗa da'irar in kana mota ta matse ta in kana ƙasa, to kawo Place-Its kaɗai ba zai wadatar ba. Sai ka nemo wani aikin da ya yi maganar saurin, ka kuma nuna cewa haɗa su abu ne da ɗan sana'a zai yi ba tare da wani wahayi ba. Kuma akwai ƙirƙira ta gaskiya a wannan fage. Yadda waya za ta yi gadin wuri yini guda ba tare da ta shanye batir ba, tana dogara da turaku da Wi-Fi, sai ta kusa sannan ta kunna GPS, matsala ce da injiniyoyi suka yi gumi a kanta. Wanda ya warware ta da wata hanya tasa, a ba shi takardarsa, ba ni da ja. Rigimata da wanda ya rubuta buri ne, ya ce duk hanyar da aka bi aka cim ma burin tasa ce.

To me ya sa irin waɗannan suke wucewa? Ofishin Amurka yana karɓar buƙatu kusan 600,000 a shekara. Masu bincike sun kiyasta cewa jami'in da ke duba buƙata yana samun kimanin awa 19 a kanta gaba ɗaya: karatu, neman sawu, rubuta amsa, da ja-in-ja da lauyan da ake biya don kada ya gaji. A cikin wannan ɗan lokaci, inda ya fi sauƙin dubawa shi ne rumbun tsofaffin takardun mallaka, domin a tsare yake. Ilimin manhaja kuwa yawancinsa ba a can yake ba. Yana cikin maƙalun taro, kundin ɗalibai, littafin jagorar wata na'ura da kamfaninta ya mutu, da manhajojin da aka saki kyauta. Ga kuma wasan suna: abin da ɗalibi ya kira tunatarwa, lauya zai kira shi "sanarwa mai dogaro da yanayin muhallin na'ura", sai bincike ya wuce ta gefensa. A rashin sani kaza ta kwana a kan dami.

Babban abin mamakin shi ne dokar Amurka ta wajabta wa mai nema ya bayyana sawun da ya sani, amma ba ta wajabta masa ya je ya nema ba. Wanda bai duba ba, ba shi da abin bayyanawa. Ta ɗaya gefen kuma, wanda aka samu ya keta takardar wani da saninsa ana iya ninka masa diyya har sau uku, shi ya sa kamfanoni da dama suke gargaɗin injiniyoyinsu da kada su karanta takardun mallaka. Tsarin da aka kafa don yaɗa sani ya wayi gari yana saka wa rufe ido ta gaba da ta baya.

Da zarar an buga hatimi kuma, magana ta canza. Kotu tana ɗaukar takardar a matsayin ingantacciya, kuma a shari'ar Microsoft da i4i a 2011 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa mai son rushe ta sai ya kawo hujja bayyananniya mai gamsarwa, ba rinjaye kawai ba. Abin da aka bayar a awa 19, sai an kashe shekaru da miliyoyin daloli kafin a karɓe. Kamfanin RIM mai BlackBerry ya ɗanɗana. Wani ƙaramin kamfani mai suna NTP, wanda ba ya ƙera komai, ya kai shi ƙara a kan tura imel ta iska. Ana cikin shari'a aka tono wasu rahotannin kamfanin sadarwar Norway na ƙarshen shekarun 1980 a wani ɗakin karatu a Trondheim, ofishin rajista kuma ya fara soke da'awowin NTP. Amma barazanar rufe BlackBerry a Amurka ta riga ta iso wuya. A watan Maris na 2006 RIM ya biya dala miliyan 612 da rabi, kuɗin da ba a mayarwa. Sawun yana nan tun fil azal, ya dai iso a makare.

Akwai hujja mai ƙarfi a ɗaya ɓangaren, kuma ba zan ɓoye ta ba. Mark Lemley, malamin shari'a, ya yi bayani tun 2001 cewa rashin zurfafa binciken ofishin dabara ce, ba sakaci ba. Mafi yawan takardun mallaka ba a taɓa kai kowa ƙara da su, ba a karɓar ko sisi a kansu, a aljihun tebur suke tsufa. Me zai sa a kashe dukiya wajen tace dubu ɗaruruwa, alhali 'yan kaɗan ne za su yi tasiri? A bar kotu ta tace waɗannan 'yan kaɗan in rigima ta taso. Lissafin yana da ma'ana in ka kalle shi daga sama.

Daga ƙasa kuwa ba haka yake ba, domin lissafin yana ƙirga shari'un da aka yi ne, ba ya ƙirga wasiƙun da aka aika. A 2011 wani kamfani mai suna Lodsys ya bi ƙananan masu rubuta manhajar waya, wasunsu mutum ɗaya ne a ɗakinsa, yana neman kashi 0.575 cikin 100 na kuɗin shigarsu saboda maɓallin saye a cikin manhaja. An zaɓi adadin da wayo: ya yi ƙanƙantar da biya ya fi ɗaukar lauya sauƙi nesa ba kusa ba. Kamfanin GeoTag kuma ya maka ɗaruruwan kamfanoni a kotu a Texas saboda shafin nan na "nemo reshenmu mafi kusa da kai", har sai da Microsoft da Google suka shiga don kare masu amfani da taswirarsu. Wanda ya biya a ɓoye ba ya shiga kididdiga. Wanda ya fasa rubuta manhajar saboda tsoro, shi ma ba ya shiga. Takarda maras inganci ba ta buƙatar cin shari'a, ya ishe ta ta fi shari'a araha.

Kada wani ya ce wannan rigimar Amurkawa ce. Gaskiya ne takardar Amurka ba ta da iko a Kano ko Maraɗi, kowace ƙasa da tata. Amma yaron da ya rubuta manhajar tuna wa direba ya tsaya a wuri kaza, ya ɗora ta a Play Store, ya riga ya baje kolinsa a kasuwar Amurka ko bai taɓa ganin filin jirgi ba. Kuma wayar da ke hannunmu, duk kuɗin lasisin da mai ƙera ta ya biya yana cikin farashin da muka saya.

Amurka ta ɗan gyara. Dokar da aka sa wa hannu a Satumban 2011 ta buɗe ƙofa daga Satumban 2012: tunda ana wallafa yawancin buƙatu wata 18 bayan shigar da su, kowa yana iya aika wa jami'in da ke dubawa tsofaffin takardu da ɗan bayanin yadda suka shafi da'awar, kuma in ba su wuce uku ba a karon farko, kyauta ne. Ta kuma samar da hanyar ƙalubalantar takarda a gaban kwamitin ofishin maimakon kotu. Da ita ƙungiyar EFF, mai kare haƙƙin masu amfani da intanet, ta tara gudummawar jama'a ta rushe da'awowin wani kamfani da ya ce shi ya mallaki fodkas, wato shirin sauti da ake saurara ta intanet, a 2015, ta hanyar nuna cewa CNN da gidan rediyon Kanada sun riga shi. Na yaba. Sai dai a duba wanda ke aikin. Mai nema yana da lauya da ake biya. Mai kare burtali kuwa ɗan sa-kai ne da ya hana idonsa barci yana tonon maƙalun 2000, cikin ƙayyadadden lokaci, a kan buƙata ɗaya daga cikin dubbai, kuma in ya yi nasara ba abin da zai samu sai dai abin da dama nasa ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Da za a tambaye ni, sai in ce a juya nauyin. Mai neman shekara 20 ya zo da rahoton binciken da ya yi, har da wajen rumbun takardun mallaka, ya nuna inda nasa ya bambanta. In daga baya aka rushe takardarsa da abin da bincike na tsakani da Allah zai gano, kamar maƙalar da aka gabatar a sanannen taro, to ya biya wanda ya wahala wajen tonowa. Malaman fiƙihu sun daɗe da rarrabe tsakanin wanda ya raya mataccen fili da wanda ya jera duwatsu kawai ya tafi. Na farko yana mallaka, na biyu ana ba shi wa'adi, in bai raya ba a karɓe. Ban ga dalilin da zai sa mai jera kalmomi a kan hanyar da mutane ke bi ya fi mai jera duwatsu gata ba.

Akwai kuma darasin da ya shafe mu kai tsaye, kuma Indiya ce ta biya kuɗin makarantarsa. A 1995 ofishin Amurka ya ba wasu masu bincike a Mississippi takardar mallakar amfani da kurkum wajen warkar da rauni, abin da kowace kaka a Indiya ta sani. Sanin kaka bai yi aiki ba, domin dokar Amurka ta wancan lokaci ba ta lissafa abin da ake yi a wata ƙasa sai in an rubuta shi. Sai da hukumar binciken kimiyya ta Indiya ta kawo rubutattun shaidu, har da tsofaffin nassoshin Sanskrit da wata maƙalar likitoci ta 1953, sannan aka soke a 1997. Darbejiya, wannan da ke ƙofar gidan kowa a nan, ita ma a 1994 ofishin Turai ya ba kamfanin W.R. Grace da ma'aikatar noman Amurka takarda a kan maganin fumfuna daga manta. An soke a 2000, aka ɗaukaka ƙara, ba a rufe maganar ba sai 2005. Indiya ta ga ba za ta iya bin kowace takarda da gudu ba, sai ta kafa rumbun ilimin gargajiya a 2001, ta fassara shi zuwa harsunan da jami'an rajista ke karantawa, ta ajiye musu a gabansu. Kamfanin IBM ma ya yi irin wannan shekara 40, daga 1958 zuwa 1998, yana wallafa ƙananan dabarun da bai ga amfanin yi wa rajista ba, don kada wani ya zo daga baya ya ce nasa ne. Dokar Amurka ta 2011 ta cire wancan sharaɗi na ƙin lissafa abin da ake yi a wata ƙasa, amma hanyar ƙalubale ta gaban kwamiti da EFF ta bi har yau takardun mallaka da abin da aka wallafa kaɗai take karɓa.

A gida kuwa lamarin ya fi sako-sako. Dokar Najeriya ta 1970 ba ta ɗora wa magatakarda binciken ko abin sabo ne ba. Yana duba cikar takardu da biyan kuɗi, ya bayar, dokar ma ta faɗa ƙarara cewa ana bayarwa ne ba tare da lamunin inganci ba. A rubuce ma'aunin sabunta yana da faɗi, domin ya haɗa da abin da aka bayyana da baki ko aka yi amfani da shi a ko'ina. Amma ba wanda zai auna sai an je Babbar Kotun Tarayya. Ma'ana, in wani ya je Abuja gobe da takarda a kan tunatarwar wuri, ba jami'in da zai buɗe maƙalar San Diego. Sai ranar da ya aiko maka da wasiƙar lauya, kai za ka nemo ta. Nijar da Chadi da Kamaru suna ƙarƙashin ofishin haɗin gwiwa na OAPI da ke Yawunde, inda takarda ɗaya take aiki a ƙasashe 17, wato kuskure ɗaya ma ya shafi 17.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna. Kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka ta yanke hukunci biyu da ya kamata kowane shugaban sashe a jami'o'inmu ya sani. A 1986 ta ce kundin digirin digirgir guda ɗaya tak, a ɗakin karatun Jami'ar Freiburg a Jamus, ya isa ya hana wani mallaka, saboda an shigar da shi kundin laburare yadda mai nema zai same shi, kuma ma'aikacin wurin ya iya ba da shaidar lokacin da aka shigar. A 1989 kuma ta ƙi karɓar kundayen wasu ɗalibai uku na wata kwaleji a Oregon, duk da suna nan a ajiye, saboda sunayensu a kan katuna suke cikin kwalin takalmi, an jera su da sunan ɗalibi, ba da abin da aka yi bincike a kai ba. Ilimi iri ɗaya, wani ya zama shaida, wani ya zama kamar ba a yi ba.

Kwanaki na shiga ɗakin ajiyar wani sashen kwamfuta ina neman kundin wani ƙanena. Tun daga ƙasa har rufi kundayen kammala digiri ne masu baƙin bango, an ɗaure su goma-goma da igiyar leda. Na zaro wasu ina dubawa: manhajar sanar da manomi farashi in ya kusa kasuwa, manhajar tuna wa mai juna biyu ranar awo, wata ta bin sawun Keke Napep. Wasu kwafe ne, ba musu, amma wasu akwai tunani a ciki. Na tambayi mai kula da ɗakin ko akwai jerin sunayensu a kwamfuta. Ya ce akwai wani littafi da ake rubutawa, amma tun da aka canza ofis bai sake ganinsa ba. Na ƙasan kuma gara ta fara ci.